Yadda Za Ki Koya wa Ƙudan Zuma Hausa Kafin Sanyi Ya Shigo

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Na ɗauki wayar na ajiye, na sake ɗauka na sake ajiyewa, har Umma ta ce in dai ba rubutun zan yi ba in zo in taya ta tsince shinkafa. Ni ba mai son magana ba ce. Ko a gidan biki, kusa da takalma nake zama. Amma matan ƙungiyarmu sun dame ni, kowacce sai ta tare ni a bakin ƙofa tana cewa, "Sundus, wai yaya kika yi?" Na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta da ɗaga ido.

To ga shi. In kika bi matakan nan yadda na jera su, ba ki tsallake ko ɗaya ba, na yi miki alkawari ƙudan zumarki za su shiga sanyin bana suna jin Hausa. In su ba su ji ba, wani a gidanku zai ji. Hanyar nan ba ta taɓa ba da kunya ba. Sau ɗaya aka gwada ta.

Mataki na ɗaya: Ki samo kaka mai taurin kai

Kada ki fara da neman amya. Amya akwati ce kawai da zuma ke zama a ciki, ko'ina ana samunta. Abin da ke wuyar samu shi ne tsohon da za a yi maganar wasa a gabansa, ya ɗauke ta ya naɗa mata rawani.

Nawa sunansa Alhaji Mahmudu, mahaifin Umma. A nan Madina aka haife shi. Kakansa ne ya taho aikin hajji a ƙasa, bai koma ba. 'Ya'ya da jikoki ga su nan cike da gida, kowa na jin Hausa sarai, amma in ya yi musu magana da Larabci suke mayar masa. Ya ce, "Ka ci abinci?" a ce masa, "Aiwa," wato e. Ya ce, "Ina za ka?" a ce masa, "Barra," wato waje. Ni kaɗai nake amsa masa da Hausa, don a ɗakin kakata Hajo na girma, Allah ya ji ƙanta. Sai dai ni kuma ba kasafai nake amsawa ba.

Shi ya sa ya koma hira da zuma.

Hajo ce ta kama su tun asali. Wata rana suka sauka a kan igiyar shanya a saman gidanmu, ta kife su da kwalin dabino, ta ce baƙi ne, kuma ita ba ta taɓa jin an kori baƙo a garin Manzo ba. Bayan ta rasu, Kaka ya mayar da amyar gonar dabinon da ke bayan layinmu a Jurf, inda Ƙungiyar Masu Kiwon Zuma ke ajiye nasu.

Ki riƙe wannan: kowace amya uwa ɗaya gare ta. Ita ke yin ƙwai, ita ce gidan gaba ɗaya. Uwar amyar Kaka sunanta Hajo. In ta tsufa 'yarta ta gaje ta, ita ma Hajo ce. Da safe zai je ya tsuguna ya gaishe ta, ya gaya mata yadda gwiwarsa ta kwana, da wanda ya haihu, da wanda ya rasu a unguwa.

In naki kakan mai sauƙin kai ne, ki ari na maƙwabta.

Mataki na biyu: Ki kasa kunne daga bayan bishiya

Ƙungiyar tana haɗuwa ran Alhamis bayan la'asar. Akwai likitoci da injiniyoyi da suka zo aiki daga Najeriya, akwai namu na nan. Maza a kan darduma, mata a tasu tabarmar can gefe, shayi da na'ana yana yawo a tsakani. Ke ki zama mai kai shayin. Babu wanda ke rage murya saboda mai kai shayi.

Da furen magarya ya ƙare, sai a fara shirin sanyi. Kada ki raina sanyin Madina. Da rana kamar ba komai, amma iskar asuba in ta biyo ta tsakanin duwatsu har ƙashi take taɓawa. Don haka ake rage faɗin ƙofar amya, a juya ta ta ba iska baya, a lulluɓe ta da buhun algarara, a ba zuma ruwan sukari. Akwai kuma abu ɗaya da ba a son faɗa da ƙarfi. Amyar da ta yi rauni ba ta iya ɗumama kanta, sai a juye ta cikin mai ƙarfi. Kafin a juye, ana nemo uwar mai raunin a murƙushe ta da yatsa biyu.

Bana Kaka ya daɗe a kwance da ciwon gwiwa, amyar Hajo ta rame.

Wanda ya kawo maganar shi ne Kawu Haidar, autan Kaka, sakataren ƙungiya. Yana aikin ba da magani a unguwar Aziziyya. Mutum ne mai farar jallabiya, wanda ƙamshin turaren udunsa ke riga shi shiga ɗaki ya kama masa wuri. Tun yana makarantar firamare rabon da a ji Hausa a bakinsa. Ya yi bayani da Larabci mai daɗi, cewa zumarsa 'yan Misira ne, sun cika akwati har suna zuba, a haɗa kawai a huta.

Kaka ya ajiye kofi. "Misirawa? Za ka zuba min 'ya'yan Hajo cikin Misirawa? Da wane baki za su yi magana?"

"Ya Abuya," in ji Kawu, "ma yifhamu." Wato ba sa fahimtar komai.

"Kai ne ba ka yifhamu. Su suna ji. Sun ma fi ka ladabi, don ba su taɓa amsa min da Larabci ba."

Shugaban ƙungiya, Dakta Abdulƙarim, mutumin Kano ne, nahawun Larabci yake koyarwa a jami'a. Ya yi dariya har shayi ya zubo masa a gemu.

"Alhaji, mu yi adalci," ya ce. "Ranar rufe amyoyi, in wannan amya ta fitar mana da Hausa, ko jimla ɗaya ce, a gaban shaidu, babu mai taɓa Hajiya Hajo. Amma tsantsa fa. Ba gauraye."

Kowa ya yi dariya. Kaka bai yi ba. Ya ɗaga hannu biyu ya ce a shafa Fatiha. Kafin su ankara sun shafa.

Da muka dawo gida mura ta shaƙe masa murya, sai ka kai kunne bakinsa kake jin abin da yake faɗa. Ya yafito ni.

"Amarya," ya ce, don haka yake tsokanata, "aiki ya dawo kanki. In aka kashe min Hajo, sakinki zan yi."

"Kaka, ni da ko mutane ba na iya yi wa magana?"

"Shi ya sa. Bakinki sabo ne, ba a more shi ba."

Mataki na uku: Ki zaɓi ɗaliban da za su daɗe

A nan mutane da yawa ke yin asara. Kada ki ɓata yawunki a kan zumar lokacin zafi. Waɗannan ba sa daɗewa. Kina cikin koya musu "sannu" za su faɗi a gindin fure, su tafi da ita lahira. Duk waɗanda Kaka ya sha wahalar gaisarwa kafin ya kwanta, haka suka tafi da karatunsu.

Waɗanda ake ƙyanƙyashewa gab da sanyi su ne naki. Su ke kai wa har bazara. In sanyi ya tsananta ba sa fita, sai su dunƙule wuri ɗaya su sa uwar a tsakiya, ba aiki ba yawo, sai bitar abin da aka koya musu. Su ne kuma za su reni na bayansu.

Ki sani, harshe a cikin cunkoso yake daɗewa. Duk yaron da aka ba ɗakinsa shi kaɗai, da Larabci yake fitowa.

Mataki na huɗu: Ki sa rigar zuma

Fara ce, mai kauri, daga wuya har idon sawu, da safar hannu, da malafa mai raga da ke rufe fuska. An ce don harbi aka yi ta. Ƙarya ne. Don masu kunya aka yi ta.

Ranar da na fara sa ta, na ji abin da ban taɓa ji ba. Ba mai ganin idona. Ba mai sanin ko ni ce ko wani injiniya ne gajere. Na wuce Hajiya Ƙaltume, maƙwabciyarmu wadda ba ta barin kowa ya wuce sai ta tambaye shi yaushe ne auren, ta ce min, "Sannu, Malam."

Na tambayi Umma ko zan iya zuwa bikin 'yar Anti Fatna sanye da rigar. Ta ce a'a. Ke ma ki tambaya, wataƙila taki uwar ta fi fahimta.

Mataki na biyar: Gaisuwa a gaba, sukari a baya

Ki dama sukari da ruwan ɗumi, ya yi kauri kamar za ki zuba wa luƙaimat, ɗan ƙosan fulawar nan na Larabawa. Ki tafi da safe in rana ta ɗan ɗago. Ki tsuguna ta gefen amya, ba ta gaban ƙofa ba, don ba a tare wa mutum ƙofar gidansa. Ki ƙwanƙwasa a hankali. Sannan ki gaishe su kamar yadda aka koya miki a gida.

Ni ga abin da nake cewa: "Assalamu alaikum. Barka da asuba. Kun tashi lafiya? Ga sukari."

Sai ki zuba musu a ɗan kwanonsu. Kada ki taɓa zubawa kafin gaisuwa. Duk wanda aka ba shi abinci kafin ya gaisar, ya gama gaisuwa ke nan har abada. Ki duba samarin gidanku.

Da farko ba za su kula ki ba. Kada ki damu, ni na saba. Bayan 'yan kwanaki za ki ji ƙara daga ciki: zuuu. Ki natsu ki saurara. Wannan rabin kalmar "zuma" ce. Sunansu suke son faɗa miki, kunya ce ta hana su ƙarasawa. Da Larabawa ne, da "asal" za su ce, kuma ba a taɓa jin ƙudan da ya ce "asal" ba.

Na kai wa Kaka wannan hujja, ya ji daɗi har ya ci tuwo ya nemi ƙari.

Yayana Saif ne ke ɗauko min jarkar ruwan. Yakan ajiye ta can nesa ya jingina da dabino yana danna waya. Shi ma tun da aka yaye shi ba a ji Hausa a bakinsa ba. Ya ga ina tambayar akwati yadda ta kwana, ya girgiza kai ya ce, "Majnuna." Wato mahaukaciya. Kada ki tanka. Ki dai riƙe sunansa.

Ana nan, ana nan, sai ga shi ina yin sallama suna fitowa. Su jeru a bakin ƙofa, su hau safar hannuna, su bi ni har wurin kwano. Na ce alhamdu lillahi, Hajo ta tsira.

Mataki na shida: Ran jarrabawa, ki bar Dakta ya ɗaga yatsa

Kowane mai ilimi yana da yatsa ɗaya da yake ɗagawa. Ba za ki iya hana shi ba, don haka kada ki gwada.

Ranar an cika gonar. An bi amyoyi ɗaya bayan ɗaya ana lulluɓewa, aka bar ta Kaka a ƙarshe. An ajiye masa kujerar roba, da bargo a gwiwa. Maza suka yi da'ira daga nesa, mata suka matso da tabarma. Ni kuma ina cikin rigata.

Na tsuguna. Na ƙwanƙwasa. Na yi magana.

"Ɗaga murya, 'yata," in ji Dakta. "Shaidu ba su ji ba."

Na rufe ido na ce, "Assalamu alaikum!"

Suka fito. Wallahi suka fito, baƙi ƙirin a bakin ƙofa. Wani likita ya yi kabbara. Kaka ya gyara zama yana kallon Kawu Haidar ta wutsiyar ido.

Sai yatsa ya tashi.

"Madalla da tarbiyya," in ji Dakta. "Amma sallama ai Larabci ce, daga farkonta har ƙarshenta."

Na ce, "Barka da asuba."

Wani ya ce, "Asuba da la'asar sakaliya?" aka yi dariya.

"Barka, baraka ke nan," in ji Dakta. "Asuba, assubhu. Biyu duk na aro."

"Kun tashi lafiya?"

"Al'afiya."

"Ga sukari."

"Sukkar. Ayya, 'yata."

Kaka ya yunƙuro da shaƙaƙƙiyar muryarsa. "Yi a hankali, Amarya."

"Alhaji, ka yi haƙuri, hankalin ma ba namu ba ne."

"Kullum fa haka take gaishe su!" in ji Kaka.

"Kullu yaumin."

Daga tabarmar mata Hajiya Ƙaltume ta ce, "To kai Dakta, me ya rage mana? Kai kanka sunanka na aro ne. In Larabawa suka zo karɓar kayansu, da me za a kira ka?"

Aka kwashe da dariya, har shi. Ya ce in sake gwadawa, in nemo kalmar da ba ta taɓa hawa raƙumi ba.

Na lalubo cikin kaina, na tuna muryar Hajo in ta leƙo ɗaki da safe. Na ce, "Ina kwana."

Dakta ya kalli sama. Ya motsa leɓe. Ya juya kalmar ta gaba, ya juya ta ta baya. Ya sauke yatsa. "Wannan tamu ce."

Kowa ya juya ga amya. Amma zuma sun riga sun duba kwano sun ga ba komai, sun koma ciki. Ƙofa fayau.

"Ina kwana," na sake cewa. "Ina gajiya. Sannunku."

Guda ɗaya ta leƙo, ta dube ni, ta koma.

A nan ne na gane abin da na yi. Duk safiyoyin nan, da sukarin Umma, da ciwon ƙafa, Larabci nake koya musu.

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Kaka ya daɗe yana kallon ƙofar amyar. Sannan ya ja bargonsa sama.

"Su ma," ya ce.

Mataki na bakwai: Ki yi shiru

Wannan shi ne matakin da ya fi muhimmanci, kuma shi kaɗai ne ban sha wahalar koyo ba.

Kawu Haidar ya duba agogo. Aiki na jiransa. Bai kalli mahaifinsa ba, ina jin bai iya ba ne. Ya ce, "Yalla, halas," wato a gama kawai, ya nufo amyar.

Yanzu ki lura da kyau. Bai sa rigar zuma ba, don ya ce 'yan kaɗan ne, ba su da ƙarfin harbi. Gwangwanin hayaƙin da ake busa musu su lafa ya riga ya mutu, bai tsaya an hura ba. Ga turaren udu, wanda ya ƙara fesawa a mota saboda aiki. Zuma kuwa ba abin da suka tsana kamar mai ƙamshi ya buɗe musu gida ba sallama. Ga su da yunwa, an kira su cin abinci an ba su nahawu.

Na buɗe baki zan ce, "Kawu, turarenka." Maza sun fi ashirin suna kallo. Bakin ya rufe kansa.

In an tambaye ki daga baya, ki ce kunya ce. Ba wanda zai iya tabbatar da akasin haka, har ke.

Mataki na takwas: Ki tsaya kusa, hannu a buɗe

Ya ɗaga murfi. Ya zaro allon saƙa na tsakiya ya ɗaga shi ga hasken rana. Ga Hajo nan. Doguwa, ja-ja, tana tafiya a natse cikin 'ya'yanta kamar mai zagaya tsakar gida. Kaka ya kawar da kai. Kawu ya haɗa yatsa biyu.

Abin da bai sani ba, jallabiya ta ƙasa a buɗe take.

Da farko ya ce, "Ya Sattar." Ya ɗaga ƙafa ɗaya. Sannan ya ce, "Ya Laɗif, ya Laɗif!" ya ɗaga ɗayar. Suna hawa, Larabcin na raguwa. Da suka wuce gwiwa, ya ƙare ƙaf.

Ya saki allon. A nan aikinki yake. Ki cafe shi kafin ya taɓa ƙasa, ki mayar da shi gurbinsa a hankali, ki rufe murfi. Kada ki tsaya kallo, ko da abin kallon ya kai. Kunnenki ya ishe ki.

Abin da kunnena ya ji, da murya irin ta yaron da aka bari a kasuwa, shi ne:

"Wayyo! Wayyo Baba! Baba zo ka cire min su, sun shiga wandona, za su kashe ni!"

Gonar ta watse. Likitoci suka haye mota, injiniyoyi suka shige bayan tankin ruwa. Dakta Abdulƙarim ya kifa tiren shayi a kansa ya tsuguna bayan dabino. Mata suka ja tabarma suka lulluɓa, amma Hajiya Ƙaltume ta bar ido ɗaya a waje.

Mutum ɗaya ne ya nufi wurin. Kaka, wanda sai an riƙe shi yake zuwa masallaci, ya yar da bargo ya taka har tsakiyar zuman, ba riga ba raga. Ya kama jallabiyar Kawu ta wuya ya zare ta sama kamar yadda ake tuɓe wa yaro riga za a yi masa wanka. Ya shiga kakkaɓe shi da hula. Ko ɗaya ba ta harbe shi ba.

"Me ka ce?" in ji Kaka. Muryar ta buɗe tar.

"Baba, zafi!"

"Ban ji ba. Kunnen ya tsufa."

"Baba, akwai wata a bayana, cire ta, cire ta!"

"A ina?"

"A baya! Ƙasa! Ƙasa kaɗan!"

Kaka na cirewa, hawaye na bin gemunsa, yana dariya. Ina jin ya ga ta bayan tun tuni. Bai dai yi sauri ba.

Mataki na tara: Ki bar shari'a ga masu ita

Da ƙura ta lafa, aka fito ɗaya bayan ɗaya. Dakta ya sauke tire. Ya ce a maimaita masa jimlar farko. Hajiya Ƙaltume ta maimaita, har da muryar. Ya bi ta kalma kalma yana lanƙwasa yatsu.

"Wayyo, tamu ce. Zo, tamu. Cire. Shiga. Wando." Ya tsaya. "Wando... wando..." Ya nemi wando a Larabci ta ko'ina bai samu ba. "Sai dai Baba, don Larabawa ma suna..."

"Dakta," in ji Hajiya Ƙaltume, "ka taɓa Baban nan, in buɗe amyar nan da hannuna."

Yatsan ya koma aljihu.

"Jama'a," ya ce, "ni na ce amya ta fitar mana da Hausa tsantsa a gaban shaidu. Ban ce ta bakin wa ba. Ta fitar, daga inda ba wanda ya yi zato. Hajiya Hajo ta zauna ɗakinta."

Kada ki yi guɗa. Ba ki iya ba, kuma cikin raga ba ta fita da kyau. Ki bar wa Hajiya Ƙaltume.

Mataki na goma: Yanzu ki rufe amyar

Kada murna ta mantar da ke cewa sanyi bai san an yi shari'a ba. Amyar Hajo har yanzu ramammiya ce.

Kawu Haidar na zaune a bayan mota, an lulluɓe shi da bargon Kaka, leɓensa ya kumbura kamar tamis, burodin tanda. Hajiya Ƙaltume na goga masa tafarnuwa, shi da ke ba mutane magani a kwali. Ya yafito ni. Ya nuna amyarsa ta Misirawa, ya ɗaga yatsa biyu, ya nuna ta Kaka. Ya so ya yi bayani da Larabci, leɓen ya ƙi ba da haɗin kai. Sai ya ce, "Ɗauki. Na ƙwai. Kai mata."

Na zaro alluna biyu cike da 'ya'yan da ba su ƙyanƙyashe ba, na kakkaɓe manyan, na sa su a amyar Hajo. In sun fito, ita za su buɗe ido su gani, su ɗumama ta.

"A kawo su," in ji Kaka. "Makaranta ce. Uban ma yau ya shiga aji ɗaya."

Sannan ki rage ƙofa, ki bar ta kamar faɗin yatsa biyu. Ki juya ta ta ba iska baya. Ki lulluɓa buhu, ki ɗora dutse a kan murfi. Ki zuba musu sukarin da kika hana su, ki ƙara da na ban haƙuri.

Gargaɗi

Ni Sundus ban ce kowa ya yi komai ba. Duk wadda ta bi wannan hanya, kumburin da ya biyo baya nata ne, da na kawunta. Ba ruwana da jallabiyar da ta yage, ko tiren da ya lotse, ko surukin da ya daina zuwa gidanku. Wanda jikinsa ba ya ɗaukar harbi kada a kusantar da shi ko bakin gona, a bar shi da Larabcinsa, rai ya fi. In zumarki suka koyi Hausa suka fara gulmarki, ke kika koya musu. In kawunki ya buɗe baki Zabarmanci ya fito, wannan maganar gidanku ce, ku zauna ku tambayi manya. In kuma Dakta ya gano cewa wando ma na aro ne, ban san ku ba, ban taɓa ganin zuma ba, ina ɗaki ina tsince shinkafa.

Washegarin jarrabawar da safe ina dama sukari, wayar Kaka ta yi ƙara. Ba ya iya riƙe ta a kunne, a bayyane yake sa ta.  Sai muryar Kawu, a hankali, kamar mai taka tsani a duhu.

"Baba. Ina kwana."

Ba zuma a kusa da shi. Na tabbata, don a Aziziyya yake.

Kaka ya gyara hula. "Lafiya lau," ya ce. Sannan ya rage murya. "Kada ka gaya wa Dakta na ce lafiya."

Na ajiye cokali. Jallabiyar Kawu ta jiya na cikin kwandon wanki, kwalbar udun na aljihunta. Ta Saif kuma na rataye a bayan ƙofa, an goge ta tsaf. Na fesa mata a wuya, na fesa a hannu, na tsuguna na fesa sosai ta ƙasa. Da ya fito wanka ya saka, na ce masa Kaka ya ce ya kai min jarka, yau har gindin amya.

"Abshiri," ya ce, wato an gama, bai ɗago daga waya ba.

Na sa rigata, na ja raga, na bi bayansa.